Goyon Tanyus

A tashar masunta ta garinmu, arewa kaɗan da Batrun, babu wanda bai san ƙaramin tulun iskar Tanyus ba. Kowane ɗan nutso da tulu ɗaya yake shiga teku, babba, ya goya shi a baya ya yi farautarsa ya fito. Tanyus kuwa biyu yake ɗauka. Ga babban, ga kuma wani ɗan siriri ɗaure a gefensa, da nasa tiyon daban mai ruwan ɗorawa, don kada a rikita shi da baƙin tiyon babban. Idan iska ta yanke wa mutum a ƙasa, wannan ƙaramin zai ishe shi ya hau sama a hankali, iyakar aikinsa ke nan. 'Yan tasha, da yake ba su da sana'ar da ta wuce sa ido, suka raɗa wa tulun suna goyo. In Tanyus ya taho da safe saɓe da kaya, sai ka ji masu ɗinkin koma suna yi masa barka, suna tambaya ko yaron ya kwana lafiya.

Ni dai ban taɓa ganin laifin goyon ba, kuma waɗanda suka fi kowa dariya yawancinsu ko a bahon wanka ba sa iya nutsa kai. Shekara biyu da suka wuce tiyon Tanyus ya fashe a gindin Dutsen Gwauro, wani dutse da ke ƙarƙashin teku, inda zurfin ruwa ke sa hasken rana ya isa a gajiye. Kafin ya ankara iskar ta tsiyaye, ya ja numfashi ya ji wayam. Ya taso sama a guje, abin da ko ɗan koyo ya san ba a yi, aka kwashe shi ranga-ranga zuwa Bairut, aka rufe shi a wani ɗakin ƙarfe na jinyar 'yan nutso har ƙafafunsa suka dawo suna jin maganarsa. Wanda ya ga wannan, ko tulu goma ya ce zai goya, sai a taya shi ɗaurawa.

Ba goyon ne matsalar ba. Matsalar ita ce tun daga ranar Tanyus bai ƙara iya zama a ƙasa ba. Zai sauka lafiya lau, amma idonsa ba ya kan kifi, yana kan agogon iskar da ke rataye a ƙugunsa. Allura na kaiwa rabi sai ya kama igiyar anga ya hau, ga iska a bayansa, ga goyo ko taɓa shi bai yi ba. Mutum ne mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda a da sai an gaji da jiransa a jirgi. Ya san tsoro ne, kowa ma ya sani, kuma wannan sanin da kowa ya yi shi ya fi ci masa rai.

Jirgin na yayarsa ne, Najla, wadda 'yan tasha ke kira Umm Jiryis. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita kuma ta gaji jirgin da mijinta ya mutu ya bari, ta hau ta kama matuƙi, duk wanda ya ce wannan ba aikin mata ba ne ya ji abin da bai shirya ji ba. 'Yan nutso biyu jirgin ke ɗauka: Tanyus, da abokinsa Fawwaz mutumin Ƙalamun, wanda suka yi shekaru suna sauka tare. Kifin zaki suke farauta, wannan mai ƙayoyin dafi da ya cika mana teku yana cinye 'ya'yan kifi, ga shi ba ya gudun kowa. Masu gidajen abinci na bakin ruwa kuwa yanzu ko nawa aka kawo ba ya isarsu.

Ran nan da safe, sun saki anga a kan Dutsen Gwauro, Najla ta kashe inji ta zauna tana kurɓar gahawa. Tanyus yana ɗaura ɗamarar dalma mai jan ɗan nutso ƙasa.

"Tanyus."

"Na'am, Yaya."

"Jiya da me ka fito min?"

"Ai jiya ruwan ne ya yi duhu."

"Ruwan da Fawwaz ya shiga daban ne? Shi ya cika gorar kifinsa har tana amai, kai ka zo min da ɗan abin da ko mage za ta raina."

Fawwaz yana tofa yawu a gilashin fuskarsa yana gogewa. "Haba Umm Jiryis, ki tausaya wa mai jego mana. Ko arba'in bai yi ba."

"Kai kuma rufe min baki, da gemu kamar tsintsiyar bayan gida. Da ƙanena nake." Ta ajiye kofin. "Milad ɗan ƙanin mijina kullum sai ya tare ni a bakin coci, yana roƙon in ba shi wuri. Na gaji da ce masa gobe. In yau ma ka riga Fawwaz fitowa da gora wayam, to daga gobe ka zauna nan kusa da ni ka riƙe almakashi kana yanke ƙaya. Milad ya sa kayanka."

Almakashi! A jirgin farautar kifin zaki, almakashi aikin wanda ya ƙare ne, wanda ƙirjinsa ko kunnensa ya sallame shi. Tanyus ya ji kamar ta watsa masa gahawar a fuska.

"A gaban mutane za ki faɗa min wannan, Yaya?"

"Wane mutane? Fawwaz ne mutane?"

"Na gode da wannan karramawa," in ji Fawwaz.

"Ba don kifi kaɗai ba ne," ta ce, muryarta ta ɗan sauka. "Na gaji da ganin idonka in ka fito. In teku ta fi ƙarfinka, ka bar ta da girmanka. Ka daina kallon agogon nan kamar mai jiran jirgin ƙasa, ka kalli abin da ya kai ka."

Zuciya ta ciyo shi, ya murɗa kan babban tulu, ya murɗa na goyo kamar yadda ya saba, ya saɓa su, ya jawo gilashi ya rufe fuska. Da hannu mai safa ya laluba ta kafaɗarsa ta dama inda tiyon biyu ke reto, ya cafko bakin shaƙa ya cusa a baki, ya ɗauki mashinsa mai baki uku da doguwar gorar robar da ake tura kifi a ciki, ya faɗa ruwa ta baya ko alamar gicciye bai tsaya yi ba. Fawwaz ya yi bismilla ya bi shi.

Ruwan ranar garau yake. Suka bi igiya suka sauka gefen dutsen har inda launin komai ke komawa shuɗi. Tanyus ya rantse a ransa ba zai kalli agogo ba. A bakin wani rami ya ga na farko, ya baza ƙayoyi yana lilo a wuri ɗaya, yana kallonsa da wannan raini nasu. Ya ja robar mashin ya saki, ya tura kifin cikin gora ya zaro mashin. Ga na biyu a bayansa. Ga wani ƙato a ƙarƙashin leɓen dutse. Fawwaz ya zagaya ta ɗaya gefen, kumfarsa kawai ake gani tana tashi daga bayan dutsen.

Rantsuwar ba ta daɗe ba. Hannunsa da kansa ya tafi ƙugu ya ɗago agogon. Allura tana can sama inda take tun a jirgi, ko gezau ba ta yi ba. Wani daɗi ya kama shi, har da 'yar taƙama. Ashe in mutum ya natsu haka iska ke albarka! Ya ce a ransa bari Yaya ta zo ta gani, yau ƙirjin nan na ɗan shekara ashirin ne. Tsoho da shi, ya san sarai allura ba ta tsayawa cik ga mai numfashi, amma wanda ya daɗe bai ji abin daɗi game da kansa ba, in ya samu ba ya tsayawa bincike. Ya soke wasu biyu.

Da ya sake dubawa ya ga har yanzu tana nan, sai jikinsa ya ba shi. Ya ƙwanƙwasa gilashin agogon da yatsa. Ya ja numfashi, iskar ta zo da nauyi, kamar mai zuƙar kunu ta tsinke. Ya sake ja, ta zo rabi. Na uku babu komai.

Abin da ya shekara biyu yana gani a mafarki, ga shi ya zo, a gindin dutsen nan dai. Ƙafafunsa suka ɗauki hanyar sama da kansu. Amma hannunsa na dama bai nemi shawarar kowa ba. Ya tofar da bakin shaƙa, ya shafo kafaɗa, ya kamo ɗayan, ya sa a baki, ya fesar da ruwan ciki da 'yar iskar da ta rage masa, ya ja. Iska ta shigo, mai sanyi, mai yawa. Ya riƙe dutse da hannun hagu ya tsayar da ƙafafun nan masu son gudu, ya ja ta biyu, ya ja ta uku.

Ya tsira, amma bai ji daɗi ba ko kaɗan. A lissafinsa agogo ya lalace, babban tulu ya ƙare, goyo yake sha yanzu, goyo kuwa na hawa sama ne kawai. Ke nan zai sake riga Fawwaz fitowa, da gorar da ko rubu'i ba ta kai ba. Zai ce iska ce ta yanke, Yaya ta dube shi da wannan ido, ta miƙo masa almakashi. Baƙin ciki ya tokare shi har ya ji gilashinsa na neman yin hazo. Ya saki dutsen ya fara hawa a hankali ya nufi igiya.

Bakin shaƙar da ya tofar yana ta reto a gabansa, yana bugun gilashinsa. Ya kai hannu zai ture shi, sai ya tsaya. Tiyon ruwan ɗorawa ne.

Ya dube shi, ya sake dubansa. Ya jawo tiyon da ke bakinsa ya karkato kai har ya hango shi ta gefen gilashi. Baƙi ne wuluk. Ya ɗago agogo ya ja dogon numfashi, ya ja wani, ya ja wani, yana kallo, har allurar ta ɗan gusa kamar mai jin kunya.

Sai komai ya fito masa fili. Garin fushi da Yaya, a jirgi, goyo ya cusa a baki. Tun saukowarsa goyo yake sha, shi ya shanye tas. Agogon lafiyarsa ƙalau, babban tulu yake aunawa, babban kuwa ko taɓa shi ba a yi ba sai yanzu. Ga shi nan a bayansa cike maƙil.

Dariya a ƙarƙashin ruwa ba ta da kyau, tana shigar da ruwa cikin gilashi, amma Tanyus ya yi ta har sai da ya kama igiya. Da ta lafa, sai wani tunani ya zo ya tsaya masa. Goyo ya ƙare. Tun daga ɗakin ƙarfen nan bai taɓa kasancewa a ƙasa babu wani abu a ajiye ba. Ya saurari cikinsa yana jiran tsoron ya taso kamar kullum, ya kama shi a wuya ya kai shi sama. Tsoron ya zo, ba zan ce bai zo ba, amma ya zo a raunane. Abin da yake yi masa barazana da shi ya riga ya faru ɗazu, iska ta yanke, kuma hannunsa ya yi aikinsa, ƙafafunsa suka tsaya da ya ce su tsaya. Ya dubi sama, gindin jirgin yana can yana lilo. Ya dubi ƙasa, kumfar Fawwaz na tashi. Ya saki igiyar ya kifa kai.

Ba wauta ya koma yi ba. Kai tsaye wajen Fawwaz ya nufa, ya ƙwanƙwasa masa tulu da gindin mashi. Fawwaz ya juyo. Tanyus ya ɗaga masa tiyon ruwan ɗorawa, ya danna, babu ko ɗigon kumfa, ya nuna bakinsa, sannan ya miƙa masa agogo. Fawwaz ya ɗauki lokaci yana kallon ɗaya yana kallon ɗaya. Da ya gane, sai kumfa ta ɓarke daga bakinsa kamar tukunya ta tafasa, ya riƙe ciki yana juyi a ruwa. Da ya dawo hayyacinsa ya nuna sama da babban yatsa, yana tambaya ko su hau. Tanyus ya girgiza kai, ya haɗa yatsunsa biyu manuniya gefe da gefe: mu tafi tare, kada ka yi nisa. Fawwaz ya dafa bakin shaƙarsa na biyu da ke maƙale a ƙirjinsa, ya buga ƙirjin sau biyu, wato in iska ta yanke wa Tanyus, ga tasa.

Farautar da suka yi daga nan, Fawwaz har yau in ya zauna a gidan gahawa sai ya ba da labarinta, kuma kullum kifin ƙaruwa yake. Gaskiyar dai ita ce akwai wani kogo a gefen arewa da Tanyus ya san shi tun yana saurayi, wanda tun haɗarin bai ƙara leƙa shi ba. Suka haska fitila daga baki, sai ga su nan jere a rufin kogon kamar an shanya kaya. Tanyus ya kwanta a bakin kogon ya fara ɗauka ɗaya bayan ɗaya, hannunsa ya tuna duk abin da ya sani, inda ake saka mashi a bayan ido, yadda ake murɗa shi a bakin gora kifin ya zame ciki ƙaya ba ta taɓa ka ba. Yana duba agogo jefi-jefi kamar kowane mai hankali, ya gani, ya mayar, ya ci gaba. Gorar ta yi nauyi har sai da ya riƙa danna kifin da gindin mashi don ya sami wuri.

Iskar Fawwaz ce ta fara yin ƙasa, tunda shi nasa tulun yake sha tun farko. Suka hau tare a hankali, suka tsaya a kan dutsen inda ruwa bai da zurfi, kamar yadda ake yi don jiki ya huce kafin a fita. Da lokaci ya yi Fawwaz ya nuna sama. Tanyus ya nuna masa agogo, ya nuna wasu 'yan ramuka a nan kan dutsen, daidai ƙarƙashin jirgi, ya kora shi da hannu. Fawwaz ya sara masa kamar soja ya tafi.

Yana cikin zaro wani daga rami ya ji inuwa a kansa. Ya ɗaga ido. An zuro bokitin nan mai gindin gilashi da masunta ke leƙen ƙasa da shi, a cikinsa kuwa fuskar Najla ce, ta cika shi taf, bakinta na motsi ba tsayawa. Ko kalma ɗaya ba ya ji, amma ya san kowace. Ya ɗaga mata mashin da kifin a kai ya kaɗa mata shi. Bakin ya ƙara sauri. Ya juya abinsa ya soke wani.

Da ya fito, kafin ya cire gilashi ta fara.

"Don ubanka, Allah ya ji ƙansa, kashe ni kake so ka yi? Na ga wannan mai gemun ya fito shi kaɗai, ina tambayarsa ina ƙanena, ya kwanta min a jirgi yana dariya kamar wanda aljanu suka shafa! Me ka zauna yi? Aure ka ɗaura a can?"

"Karɓi gorar mana, Yaya, hannuna zai tsinke."

Ta kama da hannu ɗaya, ta ji nauyi, ta ƙara na biyu. Sai da Fawwaz ya taya ta suka jawo ta ciki. Ta buɗe gindin gorar a kan baho, kifi ya zubo yana ta zubowa har ya yi tsibi ya fara zamewa ƙasa.

"Faɗa mata," in ji Fawwaz yana share hawaye. "Wallahi in ba ka faɗa ba ni zan faɗa. Umm Jiryis, yau mai jego ya shanye nonon ɗansa!"

Tanyus ya hau jirgi ya zauna ya faɗa mata duka, bai rage komai ba, har da taƙamar da ya yi da ƙirjin ɗan shekara ashirin. Tana saurare, fuskarta na sauya launi. Da ya kai inda iska ta yanke, ta dafa gefen jirgi ta zauna.

"A wurin nan dai?"

"A wurin nan."

"Kuma ka koma ƙasa."

"Na koma, Yaya."

Ta ɗauki safar hannunsa jiƙaƙƙiya ta maka masa a ƙeya, da ƙarfi kuwa. "Wannan na shiga ruwa da fushi ne, jaki kawai. Shekara talatin kana nutso ba ka san baƙi da ruwan ɗorawa ba." Sannan ta jawo wata tsohuwar robar taya daga ƙarƙashin benci, ta yanko siririn zare da wuƙa, ta ɗaure bakin shaƙar goyon da shi, ta rataya masa a wuya ya zauna daidai ƙarƙashin haɓarsa. "Nan zai riƙa zama daga yau. Kuma a cika shi kafin gobe, ba za ka sake shigar min ruwa da shi wayam ba." Ta daɗe tana ƙulli ɗaya. Tanyus ya ji wani farin ciki ya cika shi tun daga ciki har wuya, irin wanda rabonsa da shi tun kafin Bairut, ya bar ta ta gama.

Ta tayar da inji, ta lalubo wayarta daga aljihun rigar mijinta da take sawa a teku. Najla ba ta iya waya a hankali ba, jiragen da ke nesa ma sun ji.

"Milad? Ni ce. Kana jina? Ka nemi wani jirgin, ɗana, nawa ya cika." Ta saurara kaɗan. "A'a, ba gobe ba, ba jibi ba. Ƙanena ya dawo."